Libarbar da Na Fara Yi wa Zayyana

Ranar da Maigida ya ajiye akwatin a kan teburina, shekarata biyu da wata huɗu ke nan a shagonsa na zanen ado a jikin ƙarfe, kuma ban taɓa ɗora kurfi, wato ɗan ƙarfen da ake yanka zane da shi, a jikin bindiga ba. Abin da nake yanka kullum 'yan falankan ƙarfe ne na koyo, kowanne bai fi tafin hannu ba, sai kan bel na azurfa irin wanda makiyayan Teksas ke so, da wuƙaƙe jefi-jefi. Ya buɗe akwatin, ya tura mini shi, ya ce, "Wannan taka ce. Idona ya gaji da ƙananan ganye."

Libarba ce ƙirar Colt, wadda ake kira Single Action Army, mai cin harsashi shida. Tun 1873 aka fara ƙera irinta a Hartford, kuma har yau in Ba'amurke ya rufe ido ya tuna bindigar kakanninsa, ita yake gani. 'Ya'yan wani dattijo ne su uku suka haɗa kuɗi suka saya. Mahaifinsu zai yi ritaya bayan shekara 31 yana aikin mataimakin sherif, wato jami'in tsaro, a wata ƙaramar gunduma, suna son a yi mata ado, a sa haruffan sunansa da zinariya, da shekarar da ya kama aiki da wadda ya ajiye. Irin wannan ba don harbi ake yin ta ba. A akwatin gilashi take zama, sai ranar ɗaurin aure ko babban taron gashin nama mai ita ya rataya ta a ƙugu, kamar yadda mahayi ke rataya takobinsa ranar hawan Daushe.

Ni ɗan maƙeran fari ne. A rumfar mahaifina, can wajen Kasuwar Kurmi a Kano, na buɗe ido na ga ana zana munduwa da zobba, ana yi wa kayan doki da ƙotar takobi ado. Tun ban isa riƙe guduma ba nake jan zuga-zugi. Da zama ya kawo ni Amurka, a shagon gyaran sarƙa da zobe na sami abin yi a Houston, a nan kuma Maigida ya ga yadda na rubuta suna a cikin wani zobe, ya ce in riƙa zuwa wurinsa da yamma. Duk da haka, da na ga bindigar a gabana sai da gabana ya faɗi. Mu da muka fito daga Arewa a wannan zamani, bindiga ba abin ado take tuna mana ba. Ina da dangi da suka daina bin hanyar Birnin Gwari, ina da aboki da aka sayar da gona aka karɓo ƙaninsa daga daji. Daren nan na kira Baba na faɗa masa abin da ke raina. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, takubban da muka yi wa ado fa, na yankan albasa ne? Ka dubi mai abin da niyyarsa. In ranka bai kwanta ba, ka mayar masa." Na kwana ina juya maganar. Da safe na ce wa Maigida zan yi.

Kafin komai sai da aka shigar da ita littafi. Dokar tarayya ta ce mai karɓar bindigar wani ya yi mata aiki har ta kwana a wurinsa sai da lasisi, kuma sai ya rubuta lambarta da ranar shigowarta da ranar fitarta. Maigida ya nuna mini lambar a ƙasan gangar jikin, gaban mazaunin kunama, ya ce ko da wasa kada kurfina ko samfefa su kusance ta, don goge lambar bindiga laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Na lulluɓe wurin da tef, ban cire ba sai ranar da na gama.

Mun zauna da babbar 'yar dattijon muka tsayar da yawan adon. Kamfanin Colt ya daɗe da raba shi mataki huɗu, daga A zuwa D: kwata, rabi, kashi uku cikin huɗu, sai wanda ya rufe jikin duka. Ta zaɓi na uku. Salon kuwa na murɗaɗɗen ganye ne, wanda maƙeran zane 'yan asalin Jamus suka shigo da shi Amurka a tsakiyar ƙarni na 19. Maigida yana da hotunan aikinsu manne a bango, yana kiran sunayensu kamar na malamansa: Gustave Young, da Louis Nimschke na New York, da Cuno Helfricht da ya yi kusan shekara hamsin yana shugabantar masu zane a Colt. Shi Samuel Colt ɗin kansa ya san ado na buɗe ƙofar fada. A 1854 ya kai wa Sarkin Rasha Nikolas na Ɗaya libarbobi masu ɗaurin zinariya, kuma ɗaya daga cikinsu tana gidan tarihi na Hermitage a Rasha, 'yar'uwarta tana gidan tarihi na Metropolitan a New York. Hoton wannan 'yar'uwar ne ke saitin teburina, kullum in na ɗaga kai ita nake gani.

Sati na farko babu zane ko ɗigo. Na warware bindigar gaba ɗaya, kowane noti da sifirin a ƙaramar leda da rubutu. Na jiƙa bututun da gangar harsashi a ruwan kal har baƙin-shuɗin fatarsu ya saki, ƙarfen ya fito fari. Gangar jikin kuwa, wato uwar da ke riƙe komai, tana da wata matsala: a masana'anta an gasa ta cikin garwashin ƙashi da gawayi aka tsoma a ruwa, bayanta ya yi tauri har magagari na zamewa a kai. Kurfi ba zai shige ta ba, sai dai ya karye. Dole aka aika wa wani mai tanderu ya sake gasa ta ya bar ta ta huce a hankali, ta yi laushi. Da ta dawo na kama goge-goge da hannu, samfefa mai lamba 320, sai 400, sai 600, kullum a naɗe jikin ɗan katako mai lebur. Akwai injin gogewa a shagon, amma Maigida ya hana ni taɓa shi, ya ce yana cinye kaifin kusurwa, ya lotsa bakin ramin noti, ya dushe rubutun kamfani. Yatsuna sun yi kanta, amma da na ɗaga bututun a haske ban ga ko ƙarce ɗaya ba.

Sai zane da fensir, wanda shi ne ya fi cin raina. Ana shafa wa ƙarfen ɗan farin fenti na ruwa, siriri, ya bushe, sannan a zana. Duk wani murɗaɗɗen ganye yana tafiya ne a kan layi ɗaya da ke kanannaɗewa ciki kamar yaɗon duma in ya kama dangar kara. Masu sana'ar na kiransa ƙashin baya. Ganyayyaki daga jikinsa suke tsirowa, wani murɗin kuma ya fito daga bayan wani, ya juya ta ɗaya hannun. In ƙashin bayan nan ya sami gwiwa ko ya miƙe a inda ya kamata ya lanƙwasa, duk ganyen da za ka jera masa ba zai rufa masa asiri ba. Wanda bai san komai a kan zane ba ma zai duba ya ji wani abu bai zauna ba, ko da ba zai iya nuna wurin ba.

A rumfar Baba ba haka muka saba ba. Adonmu na layi ne da kusurwa, da dagi, da ɗige-ɗige, abin da ake aunawa a raba daidai. Hannuna ya saba da tsayawa ya juya, shi kuwa wannan salo ba ya son tsayawa. Na zana gefen hagu na gangar jikin sau tara. Maigida zai zo, ya ɗora tabarau, ya sa ɗan yatsa a wuri guda ya ce, "Nan," ya wuce abinsa. In duba da kyau in ga lallai nan ɗin ne. A karo na tara ya daɗe yana kallo, ya ɗauki kofin gahawarsa ya koma teburinsa bai ce komai ba. Na gane an wuce wurin. Na bi layukan da tsinken ƙarfe don kada gumin hannu ya share su, na ɗauki kwafinsu da farin tef na juya a gefen dama, don fuskokin biyu su zama tagwaye.

Kurfin zane ɗan siririn ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, bai kai kaurin fensir ba. Ana wasa goshinsa a kan digiri 45, sannan a yi masa ɗan diddige a ƙasa, wajen digiri 15, wanda bai fi kaurin gashi biyu ba. Wannan diddigen shi ke hana shi nutsewa cikin ƙarfe, shi ke ba shi damar bin kwana. Yawancin masu zane a Amurka yanzu da na'urar iska suke aiki, wadda ke bugun kurfin daga cikin mariƙinsa da sauri fiye da yadda ido zai ƙirga. Akwai makaranta a Emporia ta jihar Kansas da ake koyar da ita, Maigida ma da ita yake yi tun da wuyan hannunsa ya fara ciwo. Ni na roƙi ya bar ni da 'yar guduma, don ita hannuna ya sani, kuma da ita su Nimschke suka yi nasu. Ya yarda, da sharaɗin in na zo ƙananan layukan inuwa in ajiye ta in tura da tafin hannu.

Na ɗaure gangar jikin a mariƙi, wani dunƙulen ƙarfe mai kamar rabin ƙwallo da ke juyawa duk inda ka so. Na yi bisimilla na sa baki. Bugun ba na ƙarfi ba ne, ɗan ƙwanƙwasa ne a jere, kas-kas-kas, kurfin na tafiya, wani siririn zaren ƙarfe na murɗewa yana tashi a gabansa. Azurfa tana karɓar kurfi kamar sabulu. Baƙin ƙarfe kuwa sai ka lallashe shi, kuma kunne ne ke fara gaya maka gaskiya kafin ido: in bakin na da kaifi ƙarar siririya ce mai daɗi, in ya dakushe sai ta koma dum-dum. In kana son layi ya yi faɗi a cikin ganye sai ka ɗan kwantar da kurfin gefe, in ka zo ƙarshe ka miƙar da shi ka ɗaga, zaren ya fita da kansa. Na yanka ƙashin baya duka tukuna, sannan ganye. Na gama gangar jiki, na gama bututu, na yi bayan mariƙin hannu. Sati uku ban yi ɓarna ba, har na fara jin kaina.

A gangar harsashi abin ya same ni. Ita ce mafi wuya, don a zagaye take, kuma ƙarfenta ya fi tauri. Tana da fili shida tsakanin kwarmin da aka fafe mata, kowane fili a saman ramin harsashi yake, inda bangon ba shi da kauri, don haka ba a zurfafa yanka. Na gama huɗu. Daren wata Laraba, wajen ƙarfe tara, ina kan na biyar, na ji ƙarar ta canza. Na ji sarai. Amma saura lanƙwasa ɗaya tak in rufe murɗin, na ce bari in ƙarasa sannan in wasa. Bugu uku na ƙara. Tsinin ya ɓalle, kurfin ya kuɓuce ya zame a kan farin fili, ya bar ƙarce mai tsawon ƙwayar shinkafa a inda babu zane ko kaɗan.

Na ajiye guduma. Na daɗe zaune ina kallon wurin ta gilashin ƙara girma, inda ƙwayar shinkafar nan ta koma kamar kwazazzabo. Bindigar mutane, kuɗin 'ya'ya uku, amanar Maigida. Ƙarfen da ya fita ya fita, ba kamar azurfa ba ce da za ka narka ka sake zubawa.

A Kano asuba ta kusa, na san Baba ya tashi. Na kira shi ta WhatsApp na haska masa wurin. Ya matso da fuskarsa jikin waya, ya ce, "Kai, yaushe rabonka da wasa bakin kurfin nan?" Na ce tun la'asar. Ya ce, "Ai ka ji shi ya yi maka magana." Na ce na ji, Baba. Ya ce, "To, je ka kwanta. Kada ka taɓa shi da wannan zuciyar." Washegari Maigida ya shigo, na nuna masa tun kafin ya cire hula. Ya duba, kuma wallahi tambayar da ya fara yi ke nan, yaushe na wasa kurfin. Mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ba sa jin harshen juna.

Bai yi faɗa ba. Ya jawo kujera ya nuna mini yadda ake yi. Kurfi in ya zame, ba duka naman yake kwashewa ba, wani yana turewa ne gefe ya yi ɗan tudu. Da wani sulɓaɓɓen ƙarfe mai santsi ana iya murza tudun nan a mayar da shi cikin ramin, a bi a hankali daga gefe zuwa tsakiya. Na yi kusan awa biyu ina murzawa, sannan na bi da ɗan dutsen gogewa da mai. Kashi biyu cikin uku na ƙarcen ya ɓace. Ragowar, inda tsinin ya fara nutsewa, ya yi zurfin da in na ce sai na goge shi wurin zai lotsa, haske ya tona. Maigida ya miƙo mini fensir ya ce in nemi ganyen da zai iya tsirowa ta nan. Na samu: ɗan ƙaramin ganye da ya fito daga bayan murɗin ya kwanta daidai kan tabon, gefensa ɗaya ya haɗiye shi. Sai dai tunda fili shida ne masu kama ɗaya, dole na koma na tsirar da irin ganyen nan a sauran biyar. Kwana huɗu kuskuren ya ci mini. Tun daga ranar, dutsen washi yana dama da hannuna, kuma ba na rufe murɗi biyu ban duba tsinin a farcen babban yatsana ba. In ya kama farce yana nan, in ya zame an tashi daga aiki sai an wasa.

Bayan yanka sai cike bayan fage. Akwai ɗan madoshi mai rami a baki, kowane bugu yana barin ƙwaya ɗaya mai sheƙi. Haka za ka jera su dubbai a duk wani sarari da ke tsakanin ganye, ɗaya na taɓa ɗaya ba tare da ta hau ta ba, har wurin ya yi kamar gero da aka shanya a tabarma. Aiki ne mai sa gyangyaɗi, amma nan na fi sakewa, don irinsa na yi ta yi wa munduwa tun ina yaro. Da fagen ya yi duhu sai ganyen suka taso. Sannan inuwa: layuka sirara kamar gashi, suna farawa a rarrabe daga tsakiyar ganye su haɗu a gindinsa. Su ne ke sa ganye ya yi kamar ya naɗe, wani ya shige ƙarƙashin wani, alhali duk zurfin abin bai kai kaurin takarda biyu ba.

Zinariya ta zo ƙarshe, kuma a nan ne Maigida ya tsaya a bayana yana kallo maimakon ni in kalle shi. Na yanka hanyar haruffan uku a bayan mariƙin hannu, da zobe biyu a bakin bututu da gindinsa. Na bi cikin kowace hanya da wani kurfi mai bakin wuƙa na fafe gefenta ta ƙasa, ciki ya fi baki faɗi, na kuma tayar da 'yan haƙora a ƙasan. Zinariyar tsantsa ce, karat 24, an ja ta ta zama waya, an gasa ta ta yi laushi. Kana ɗora ta a bakin hanyar kana dannawa da madoshin tagulla, sai ta baje ta shige ƙarƙashin gefen ta kama haƙoran. Babu gam, babu dalma, kuma ba ta fita. Na aske abin da ya yi saura, na goge ta yi daidai da ƙarfen har yatsa ba ya jin gaɓa. Ɓarɓashin duka na tattara a takarda, kamar yadda Baba ke sa mu share ƙasan rumfa mu tankaɗe.

Kafin a kai ta rini na ɗauki hoton hayaƙi. Ana riƙe ƙarfen a saman kyandir har ya yi baƙi da zunzurutun hayaƙi, a manna farin tef a ɗaga, a liƙa a takarda. Zanen yana fitowa fari tas a kan baƙi, kowane layi da kowane ɗigo. Nimschke ma ya bar kundin irin waɗannan kwafi na aikinsa, da tawada ya ɗauki nasa, shi ya sa har yau ake gane hannunsa. Na ɗauki biyu na kowane gefe, ɗaya na littafina, ɗaya na aika Kano.

Masu zane kan sa alamarsu a ɓoye. Na tambayi Maigida ko in sa sunan shagon, ya ce aikin wa? A ƙarƙashin ƙotar, inda ba mai gani sai wanda ya kwance ta, na yanka ɗan dagi ƙarami kamar ƙwayar wake, irin wanda Baba ke bugawa a cikin munduwarsa.

Gangar jikin ta koma wurin mai tanderu ta dawo da taurinta da launukanta, shuɗi da toka da ruwan ƙasa kamar bakan gizo a kan mai. Bututu da gangar harsashi aka dafa su a ruwan gishirin rini suka koma baƙi mai shuɗi. Rinin ba ya kama zinariya, don haka haruffan suka fito kamar an kunna su. Na harhaɗa ta da sukudireba da na naɗe wa tef, ina riƙe numfashi a kan kowane noti. Da na lissafa a littafina, awa 112 na yi a kanta cikin sati tara.

Ranar Asabar suka zo su huɗu, har da dattijon, wanda ya ɗauka rakiya ya yi. Dogo ne, hannuwansa na ɗan rawa. 'Yarsa ta buɗe akwatin. Ya daɗe bai taɓa ba, sannan ya ɗauka, ya fara buɗe ƙofar harsashi ya tabbatar babu komai a ciki, kamar yadda ya saba shekara 31. Ya bi haruffan da babban yatsa, ya juya gangar a hankali, fili bayan fili, har shida. Ya tambayi Maigida wa ya yi, Maigida ya nuna ni da haɓa. Dattijon ya mayar da bindigar akwati, ya cire hularsa, ya miƙo mini hannu, ya tambaye ni daga ina na fito da kuma wa ya koya mini. Na ce daga Kano, a Najeriya, kuma mutum biyu ne, ɗaya ga shi nan tsaye. Suka cike takardun hukuma, Maigida ya buɗe littafi ya rubuta ranar fita a gaban lambar.

Takardar hayaƙin ta isa Kano bayan sati uku a hannun wani ɗan unguwarmu da ya je gida. Ƙanena ya ce Baba ya fita da ita bakin rumfa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa yatsa a kan ɗan ganyen fili na biyar ya ce, "Nan ne."